Wayar Ɗigo

Ƙyallen ne ya fizgi hannunta. Kafin idonta ya gama buɗewa Mai Ɗinki ta riga ta durƙusa a kan katifa, tsohon cikinta ya tokare mata cinya, tana lalubar kafaɗar yarinyar a cikin duhu. Ɗigo ta sandare, haƙora sun datse, dugaduganta suna dukan katifa. Uwar ta mirgina ta a kan gefenta kamar yadda aka koya mata a asibiti, ta ɗan ɗaga mata haɓa, ta ture bargo can gefe. Ba ta danne ta ba, ba ta cusa mata cokali a baki ba, duk da rabin mutanen gidan hayar nan za su iya rantsuwa cewa haka ake yi. Ta dai kunna 'yar tocila, tana shafa mata baya, tana satar kallon agogon bango, don an ce mata in abin ya daɗe bai sake ta ba to a nufi asibiti. Kumfa ta gangaro ta gefen bakin yarinyar. Ta sa tafin hannunta ta share, ta goge a zaninta.

Can abin ya lafa. Ɗigo ta ja wani dogon numfashi mai gurnani, jikinta ya saki, barci mai nauyi ya ɗauke ta. Mai Ɗinki ta canza mata zanin da ta jiƙa ba tare da ta tashe ta ba, ta duba ƙullin, ta koma ta kwanta ido biyu har gari ya waye.

Farfaɗiyar Ɗigo a cikin barci take zuwa, kuma ba ta sallama. Tun yarinyar tana shekara biyar ake fama, yanzu ga ta ta doshi tara. Maganin asibiti ya rage abin ƙwarai, amma bai kore shi ba. Shi ya sa ɗakin nasu ya koma wani iri. An kwance gado an jingine shi da bango, an sauke katifa ƙasa. Keken ɗinki yana can lungu, an naɗe masa kusurwoyi da tsummoki. Matashin kai kuwa an kore shi daga ɗakin tun daren da ta farka ta tarar fuskar yarinyar ta nutse a cikinsa, leɓe ya yi baƙi. Bayan wannan daren ne ta yanki wani dogon ƙyalle rawaya daga ragowar yadi, ta ninka shi ta bi da keke. Baki ɗaya a wuyan hannunta, ɗaya a idon sawun Ɗigo, can nesa da wuya don kada garin neman gira a rasa ido. Ko ɗan yatsa yarinyar ta motsa sai uwar ta ji.

Ɗigo ce ta raɗa wa ƙyallen suna waya. In za a kwanta sai ta ja shi da ƙafa sau biyu, wato sai da safe, uwar ita ma ta ja sau biyu. Da yake ba ta tuna komai in abin ya same ta, da safe takan leƙa fuskar uwar ta yi tambayarta.

"Umma, wayar ta yi ƙara jiya?"

"Ta yi, na ɗauka."

Shi ke nan, sai ta ɗauki buroshinta ta fita bakin famfo.

* * *

Ciwon kansa Mai Ɗinki ta saba da shi, ta san shigarsa ta san fitarsa. Mutane ne suka gagare ta. Wata rana da azahar barci ya kwashe Ɗigo a kan tabarma a tsakar gida, abin ya same ta a gaban kowa. Kai, ka ce wuta ce ta kama gidan. Kowace mace ta suri nata ɗan ta faɗa ɗaki ta turo ƙofa, har da wadda take hawan keken Mai Ɗinki kyauta duk lokacin da zip ɗin mijinta ya lalace. Da aka ɗauke yarinyar, matar mai gidan ta fito da tafasasshen ruwa ta sheƙa a wurin, tana toshe hanci da gefen mayafi. Wai yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ka, ka kamu ke nan. Wai ko numfashinta ka shaƙa a lokacin, to sai dai wani ba kai ba.

Tun daga ranar kofin Ɗigo ya zama abin gudu a bakin famfo. Yaran da suke wasan 'yar tsana tare aka ja musu kunne. Mata uku suka aiko a ba su yadinsu, wai sun fasa ɗinkin, kamar ciwon zai bi zare ya shiga riga. Mai Ɗinki ta gaji da faɗa musu cewa likita da bakinsa ya ce ba a ɗauka, ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda wani ke da na ƙirji. Sai su gyaɗa kai su ce haka ne, Allah ya ba ta lafiya, sannan su ja 'ya'yansu baya. Wannan munafunci ya fi zagi yi mata ciwo, don mai zaginka aƙalla ka san inda ya tsaya.

Na waje ma da sauƙi. Baban Ɗigo direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. Kada a ɗauki alhakinsa, yana son 'yarsa. Shi ya ɗaga ta ranar da aka haife ta, 'yar mitsitsiya, ya yi dariya ya ce wannan ai ɗigo ce, sunan ya bi ta. Bai taɓa dawowa daga tafiya hannu rabbana ba, ko ribon ne ko alewa sai ya riƙo mata. Amma in abin ya taso yana gida, sai ka gan shi ya miƙe ya koma bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana ta addu'a. Matar ta sha ce masa addu'a ba ta hana hannu aiki, ya zo ya riƙe mata tocila ko ya ɗaga mata kan yarinyar. Sai ya ce ai ita ta fi iyawa. Ko sunan ciwon bai taɓa kamawa ba, kullum sai dai larurar nan.

* * *

Ranar awo wata nas ta daɗe tana danna wa Mai Ɗinki ciki, ta kira likita, shi ma ya danna. Suka ce jaririn a gicciye yake, ga jininta ya hau, ba za a jira naƙuda ba. Gobe da safe ta zo da kayanta, aiki za a yi mata. Tambayar farko da ta fito daga bakinta ba ta cikin ba ce, cewa ta yi ko za a bari 'yarta ta kwana a gefenta, ko a ƙasa ne. Nas ɗin ta ji labarin ta tausaya, amma ta ce ba a kwana da yara a ɗakin masu haihuwa, kuma wadda aka yi wa allurar barci ai ko da igiyar rijiya aka ja ta ba za ta ji ba.

Gaba kura baya sayaki. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, ƙanwarta tana aure a wata uwa duniya. Ta cire kunya ta shiga ɗakin maƙwabciyar nan mai hawan keke kyauta, ita kuwa ta ce wallahi da ta so, amma ga ta da ƙananan yara. Ta kira mijin, ya ce yana hanya, zai iso gobe in Allah ya so, kuma ina abin damuwa tunda ga Yaya?

Yayar tasa, wadda Ɗigo ke kira Gwaggo, ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, don haka maganarta a wurinsa yankan wuƙa ce. Mace ce mai jiki, mai murya, mai hannun kyauta. Tana da shagon kayan kicin da gida nata na kanta, cike da jikoki. Ba muguwa ba ce, kuma wannan shi ne abin haushin. Duk zuwa sai ta yi wa Ɗigo sabuwar riga, sai dai daga nesa take miƙa mata.

Da sassafe Mai Ɗinki ta isa gidan da yarinyar da ƙullin kayanta. Ta zaunar da Gwaggo ta yi mata bayani dalla-dalla: ga magani, safe da dare, kada a tsallake. A ƙasa za ta kwana, ba a kan gado ba. Babu matashi. In abin ya zo a juya ta gefe, kada a sa mata komai a baki. Sannan ta fito da ƙyallen ta kama hannun Gwaggo da kanta ta gwada mata ƙullin, ta ce wannan shi ne komai, wani babba ya ɗaura ya kwana kusa da ita.

Gwaggo ta kalli ƙyallen a hannunta ta yi dariya, ta ce yau ga ta an ɗaure ta kamar tunkiya. Ta ce ita da ta haifi bakwai ta aurar, yau ita ake koya wa raino? Maganar matashin ce ma ta ɗan ɓata mata rai, don har ta aika an sayo sababbi guda biyu masu laushi saboda baƙuwar. Ta ce a gidanta ba a taɓa kwantar da yaro a ƙasa kai ba matashi ba, sai ka ce wanda ba shi da kowa.

"Yaya, don girman Allah," in ji Mai Ɗinki. "Ba raini ba ne. Matashin nan shi zai kashe ta."

"Haba, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Jinin ƙanina ce fa. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Je ki haihu lafiya, ki bar mini sauran."

Ta fito tana waiwaye. Ɗigo tana tsaye a bakin ƙofa da ledar maganinta a hannu, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta karkaɗa sau biyu tana dariya. Uwar ta ɗaga hannu ta karkaɗa mata, sannan ta tare mota.

* * *

Namiji aka ciro, lafiyayye, mai ƙarar murya. Sai wajen la'asar ta dawo hayyacinta sosai, ga ƙarin ruwa a hannu, ga ciki kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Mijin ya iso, ko wanka bai yi ba, yana rungume da jaririn bakinsa ya ƙi rufuwa. Abin da ta fara yi shi ne shafa wuyan hannunta, ta ji shi wayam. Ta ce ya kira mata gidan Yaya.

Muryar Ɗigo ta fito tana rawa don murna. Ta tambayi ƙanin nata, wa ya yi kama da shi, yana da gashi? Sannan ta shiga ba da labari. Gwaggo ta ba ta ɗaki ita kaɗai, ɗakin baƙi, da gado mai tsawo sai ta yi tsalle take hawa, da matasai biyu masu fulawa. An ba ta kofinta da farantinta sababbi, nata ita kaɗai. Mai Ɗinki ta katse ta. Ta tambaye ta wa zai kwana da ita. Yarinyar ta rage murya.

"Gwaggo ta ce ita tana da minshari, zai hana ni barci. Amma kada ki damu, Umma, na yi dabara."

Kafin uwar ta tambaye ta wace dabara, Gwaggo ta karɓe wayar tana barka da arziki. Ta ce ɗakin yana manne da nata, ko tari yarinyar ta yi za ta ji, kuma ita ma dole ta duba jikokinta da ke kwana a ɗakinta, rigakafi ai ya fi magani. Ta ce mai jego ba ta yawan magana, ta kashe.

Mai Ɗinki ta yunƙura za ta sauko daga gadon, ɗinkin ya ja ta ya mayar, har sai da nas ta rugo tana faɗa. Sai ta kama rigar mijin. Ba ta taɓa roƙonsa wani abu haka ba tun aurensu. Ta ce ya bar ta, ya bar jaririn, akwai masu duba su a nan. Ya tafi gidan Yaya, ya sauke katifar ƙasa, ya kwashe matasan, ya ɗaura ƙyallen a hannunsa. Daren yau kaɗai. Ya ce ya kwana biyu yana tuƙi, kuma Yaya za ta ga kamar an raina ta. Ta ce to ta raina ta, a faɗa mata haka, in an sallame ta za ta je ta durƙusa ta ba da haƙuri. Da ya ga tana kuka, jininta na neman hawa, ya ajiye jaririn ya ce shi ke nan, ya tafi.

Ta bi bayansa da kallo har ya fice, ta ce a ranta ashe dai uba uba ne. A daren ta yi barcin da ta shekara huɗu ba ta yi irinsa ba.

* * *

Rana ta yi sosai kafin ya shigo, ido ja, yana kallon ƙasa. Ya ce kada ta tayar da hankalinta, Ɗigo ce ta ɗan faɗi, tana ɓangaren yara. Ɗan faɗin nan, da ta lallaɓa ta bi bango ta isa, shi ne goshi a fashe an yi ɗinki, haƙorin gaba ya karye, harshe a tattaune, ga zazzaɓi saboda amai ya bi ta hanyar numfashi. Likitan yaran ya ce faɗowar da ta yi daga gadon ma wata rahama ce, da a kan matasan ta kife da yanzu wani zancen ake yi. Mijin ya ce ya je kamar yadda ya yi alkawari, ya tarar har ta yi barci, bai so ya tashe ta ba, sai ya kwanta a falo dab da ƙofar. Abin ne ya zo shiru, babu wanda ya ji. Ta ji haushi, ta yi masa faɗa son ranta, amma ta yarda, don ta san ciwon ba ya sallama.

Rana ɗaya aka sallame su, uwa da 'ya. A hanyar gida ta ce a biya ta gidan Yaya a kwashi kayan yarinyar. Ɗigo ta ƙi fitowa daga motar, tana jin kunyar giɓinta, sai aka bar ta tana yi wa direban motar hayar surutu hannu a baki.

Tun daga tsakar gida Mai Ɗinki ta ga katifar ɗakin baƙi an jefar da ita bayan ɗaki tare da matasan nan masu fulawa, da kofin da farantin a kai, an tara su wuri ɗaya ana jiran mai kwasar shara. Gwaggo ta taro su da fara'a, ta leƙa fuskar jaririn a hannun ƙaninta, ta ce kamarsu ɗaya sak. Mai Ɗinki ta gaishe ta sama-sama ta wuce ɗakin. An wanke shi tas, sai warin maganin kashe ƙwari. Da ta juyo za ta fita ne ta gani.

Ƙyallen yana rataye a hannun ƙofa ta ciki. Tsawonsa bai kai gado ba, sai aka ƙara shi da ɗankwalin Ɗigo. An yanke bakin da ke ƙafarta da wuƙa, amma na ƙofar yana nan, ba wanda ya yarda ya taɓa. Irin ƙullin da ta koya mata ne, wanda ja ke ƙara masa ƙarfi. Ta sa farce za ta kwance, ya ƙi. Ta sake gwadawa har farcen ya karye. Hannun ƙofar kansa ya yi lakwas, ƙusoshinsa sun fito rabi saboda fizga. Ta ɗan ja ƙyallen sau ɗaya, ƙofar ƙarfen ta amsa da ƙara har tsakar gida.

"Kin ga ɓarnar da ta yi mini ko?" in ji Gwaggo daga bayanta. "Yarinyar nan da wayo. Ai ƙarar nan ita ta tashe mu, na ɗauka ɓarayi ne."

Mai Ɗinki ta juyo a hankali. "Kun ji?"

"Wa zai ƙi ji? Har maƙwabta sun ji."

Sai ta shiga ba da labari, irin na wanda ya yi abin a yaba. Duk gidan an tashi, an taru a bakin ƙofa. Ta gane larurar ce, sai ta kori jikoki ɗaki, ta ce kowa ya dakata abin ya lafa, kumfar ta bushe tukuna, don ɗanyarta ce mai dafin. Ƙofar ta yi ta bugawa, ta yi ta bugawa, suka ji wani tim, ta ƙara bugawa kaɗan, sannan shiru. Suka ɗan ƙara ba ta lokaci, har aka fara kiran sallah, sannan ta sa leda a hannu biyu ta shiga da kanta.

"Tambayi mijinki, ai tare muka tsaya. Har ya kai hannu zai buɗe, na riƙe shi. Na ce kai da za ka ɗauki ɗanyen jariri da safe, so kake ka kwasa ka kai masa? A bar mu da ɗaya mana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Baban Ɗigo yana tsaye a bakin falo da jaririn a ƙirjinsa. Ƙato guda, mai juya motar da ta fi ɗakin nan girma, wai mace mai shekara sittin ce ta riƙe shi. Bai musa ba, bai ɗago ba. Wato yana tsaye, ƙofa ɗaya tsakaninsa da 'yarsa, tana kiransa da iyakar abin da take da shi, shi kuwa yana jiran kumfa ta bushe. Mai Ɗinki ta ji baƙin ciki tsantsa, irin wanda ba ya fita da kuka. Ta taka ta karɓe jaririn daga hannunsa. Sannan ta ɗaga tafin hannunta na dama a gaban fuskarsa.

"Shekara huɗu hannun nan yana share kumfar nan ɗanyarta. Da shi nake dafa maka abinci, da shi nake zuba maka. Me ka kamu da shi?"

Gwaggo ce ta amsa, cikin lallashi, kamar mai yi wa yaro bayani. Ta ce ai wannan daban, uwa ba ta kamuwa, kuma tana tare wa mijinta. Ta ce a gode wa Allah tunda abin ya tsaya a haƙori, wani zai fito.

Mai Ɗinki ba ta ce mata wancan haƙorin ba na nono ba ne. Ta buɗe jakarta da hannu ɗaya, ta ciro ɗan almakashin da ba ya rabuwa da ita, ta yanke ƙyallen daga jikin ƙofar ta gefe, ƙullin ya faɗo mata a hannu yadda yake. Ta fita ba sallama.

* * *

Da magariba ta cire tsummokin da ke kan keke, ta zauna a karkace saboda ɗinkin cikinta, ta yanki wani sabon ƙyalle ta bi shi da zare. Matan gidan sun yi ta shigowa barka, kowace ta ɗauki jaririn ta yi masa wasa, kowace ta gaida Ɗigo daga inda take tsaye. Mijin bai shigo ba. Yana zaune a kan benci a bakin ƙofa, labule ne kawai tsakaninsu, tana jin motsinsa.

Ta shimfiɗa jaririn ta wajen bango, ta kwantar da Ɗigo a ɗaya gefen, ita a tsakiya. Da ta kama ƙafar yarinyar za ta ɗaura, ta ga shatin tsohon ƙyallen ya zagaye idon sawun, fatar ta saɓule ta fara ɓawo. Ta mayar da shi ɗaya ƙafar.

Ɗigo tana kallon rufi, tana wasa da harshe a cikin giɓinta. Tun a asibiti take juya wata magana a ranta, uwar ta lura.

"Umma, ranar nan wayar ba ta yi ƙara ba ko?"

Mai Ɗinki ta ci gaba da ƙulli, ba ta ɗago ba.

"Na ɗaura a ƙofa don su ji. Ƙila ban ƙulla da kyau ba ne, ya kwance. Da ta yi ƙara ai da Baba ya ɗauka, tunda ya ce a falo ya kwana. Ko?"

Motsin da ke bayan labule ya tsaya cak. Uwar ta dubi goshin da aka ɗinke, ta dubi idanun da ke jiran amsa.

"Eh," ta ce. "Ƙullin ne ya kwance."

Yarinyar ta sauke ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. "Na sani. To gobe ki sake koya mini, in iya sosai."

"To."

Ta kashe tocila. Jim kaɗan ta ji an ja wuyan hannunta sau biyu, ita ma ta ja sau biyu. A ɗaya hannun tana damƙe da guntun rawayan ƙyallen nan da ta yanko, ƙullin yana nan daram, tauri kamar tsakuwa, yana danna mata wurin da farcen ya karye.